Lasifikar Yaya Filibus

Rifkatu na tsakar gida tana tankaɗen garin dawa ta ji muryar mahaifinta ta tashi a zaure. Baba Ishaya dattijon coci ne da ya baro ƙasar Zuru ya zauna Jega tun yana saurayi, kuma ba ya ɗaga murya sai abu ya kai maƙura. Wanda ake wa faɗan kuwa Irmiya ne, mai gyaran injin ban-ruwa a Aliero, saurayin da ke neman aurenta.

Yayanta Filibus ne ya kai ƙara. Ya ce shagon Irmiya ba gicciye, ba sitikar addini, ba waƙar coci, in zai yi addu'ar cin abinci ma sai ka ce gyangyaɗi yake. Shi Filibus gicciyensa har cibiya yake sauka, kuma addu'arsa ba ta tsawo sai in da masu kallo.

"Ba ni ba da ɗiyata ga mai jin kunyar Ubangijinai," in ji Baba.

Irmiya ya amsa cikin ladabi cewa bai taɓa ɓoye wa kowa ba, amma ba zai mai da addu'arsa talla ba. Baba ya nuna masa ƙofa, ya kuma hana Rifkatu ɗaukar wayarsa. Ta bi umarni. Sai dai ta rame, kullum idonta a kumbure, ba wanda take kai wa kuka sai Allah.

Ana haka Filibus ya sayo lasifika, ya ce ran kasuwar Aliero a ƙofar shagon Irmiya zai kafa ta, don ya koya masa abin da ake kira ƙarfin hali. Mama ta roƙe shi ya fasa, ya yi dariya. Da ranar ta zo hankalin Rifkatu ya ƙi kwanciya, ta durƙusa gaban Baba har ya yarda suka bi bayan Filibus.

Tun daga bakin kasuwa ta san ba lafiya. Masu albasa na ɗaure buhuna da rana tsaka, wata mata ta finciki ɗanta ta yi gida. Ashe Filibus ya juya lasifikar wajen masallaci daidai kiran Azahar, bai kuma tsaya ga wa'azi ba, sai da ya taɓa abin da ba a taɓawa. Samari sun kewaye shi. Rifkatu ta hango yayanta yana tura gicciyen cikin riga.

Wani ya tambaya ko akwai wanda ya san shi. Kafin Baba ya kutsa, Irmiya ya fito da hannu duk baƙin mai, ya kashe lasifikar, ya tsaya gaban Filibus.

"Ɗan'uwana ne. Ni Kirista ne, kun sani, shi ma haka. Ya yi kuskure, ina roƙon ku yafe. In kuwa sai an taɓa shi, ku fara da ni."

Rifkatu ta riƙe rigar Baba. Da'irar ta ƙara matsowa. Can sai wani tsoho manomin albasa, Alhaji Hamidu, ya ɗaga sandarsa. Ya ce sa'ad da ɗansa ke kwance asibiti, Irmiya ya bar shago ya yi jinya da su, sai da ya nemi izini kafin ya yi masa addu'a irin tasu.

"Tun ran da munka san shi bai ɓoye muna ko shi wane ne ba, bai kuma zage mu ba. Ku wuce masallaci, an yi kira."

Aka watse a hankali, wasu na waige. Su Rifkatu suka kama hanyar Jega. Sai da suka isa zaure Baba ya ce wa Rifkatu ta kira Irmiya, ta ce ya turo manyansa.

Bayan cire albasa aka ɗaura aure. Filibus ne ya jera kujeru, bai nemi a ba shi makirfo ba. Haƙurin Rifkatu bai faɗi banza ba, kuma gidan suka gane cewa bangaskiya ba a ƙarar murya take ba. Mai ita yakan yi addu'arsa tsakaninsa da Allah, ya kyautata wa maƙwabci, in ranar tsayawa ta zo kuma ya faɗi ko shi wane ne ba tare da tsoro ba.