Kujera Ɗaya, Tikiti Biyu

Ƙarfe huɗu da rabi na yamma aka kira ofishin 'yan sanda, an ce an yi turmutsutsu a ƙofar zauren taro. Kafin Insifekta ya iso, wata mata ta rasu, an lulluɓe ta da mayafinta. Tela ce, ta zo kallon wasan mawaƙin da ake wa laƙabi da Mai Murya.

Kofur ya miƙo masa wayarta. Tikitin yana nan a buɗe, kujera ta ɗari da sha biyu.

"Yallaɓai, akwai wani da ya karye a hannu. Shi ma lambar kujerarsa ke nan."

Insifekta ya sa a kira wanda ya shirya taron. Ƙanen mawaƙin ne, ya zo yana ta share gumi.

"Mutum nawa zauren ke ɗauka?"

"Ɗari biyar, ranka ya daɗe."

"Waɗanda suka zo da tikiti sun fi dubu."

"Shafin intanet ɗin ne ya haukace. Ni ban san kan kwamfuta ba. Ku tambayi Injiniya, ita ta haɗa shi."

Washegari da safe Insifekta ya sami Injiniya a ɗan ofishinta da ke saman bene. Idanunta sun kumbura.

"An ce shafinki ne ya kashe mutum."

"Shafina bai lalace ba." Ta juyo masa da kwamfutar. "Sati uku na yi ina gina shi. Hotuna, taswirar kujeru, wurin biyan kuɗi. Na sa masa iyaka, da an sayi na ɗari biyar sai ya rufe kansa. Ranar Talata wani ya shiga ya cire iyakar."

"Yaushe kika gani?"

"Jiya, bayan abin ya faru."

"Ki sake tunani, Malama."

Ta sunkuyar da kai. "Ranar Laraba. Na kira mai shirya taron, ya ce ai Yaya ya sani, in cire bakina. Na yi shiru. Wallahi da na rufe shafin."

"Wa ke iya cire iyakar?"

"Maɓalli ɗaya ne, na koya musu su biyu, shi da yayansa. Amma sai an turo lambar sirri a waya. Wannan karon wayar yayan aka turo wa."

Insifekta ya nuna wani bidiyo da ke gefen allon. "Wannan fa?"

"An ajiye shi ne ya fito da kansa bayan wasa. Ban buɗe ba."

Suka buɗe. Mai Murya ne yana dariya. "Masu cewa na ƙare, kun ga yadda layi ya kai titi? Mutum dubu a ƙofata!" Ranar Talata aka ɗora shi, kwana huɗu kafin wasan.

Da hantsi Insifekta da Kofur suka je gidan mawaƙin. Suka tarar da shi a falo, ƙanen yana tsaye a bayansa.

"Ni waƙa na sani," in ji mawaƙin. "Ban taɓa shiga shafin nan ba."

Insifekta ya ajiye wayarsa a kan tebur ya kunna bidiyon.

"Ni ne na ɗauki wayarsa," in ji ƙanen da sauri.

"Kai kuma ka ari fuskarsa ka yi bidiyon?"

"Bari, ƙanena," in ji Mai Murya. "Shekara shida ba a gayyace ni ko suna ba. Yara suna ta rubuta cewa na mutu da raina. So nake a ɗauki hoton jama'a suna rububin shiga. Na zaci za su yi hayaniya su koma gida."

"Ƙofar ɗaya ce, ka sani?"

"Na sani."

Kofur ya sa masa ankwa, aka haɗa da ƙanen.

A bakin caji ofis wani mutum yana zaune a kan benci da jaririya saɓe a kafaɗa. Mijin telar ne, ya zo karɓar takardar gawa. Ya miƙe ya daɗe yana kallon mawaƙin.

"Da waƙarka take ɗinki kullum," ya ce. "Ni na saya mata tikitin."

Kofur ya tura Mai Murya ciki.