Tabon Da Ya Tare Hanya

Askar wanzami ce ta ɓata komai.

Mudasiru, telan unguwar Sakasaka, bai daɗe da auren Zalia ba aka gano masa ciwon dajin tumbi, har ya bazu zuwa kaluluwar da ke cikin cikinsa. Dokta ya ce wuƙa ba za ta yi ba. Amma akwai wata na'ura a ƙasar waje mai tara sauti wuri guda, ya ratsa fata ba yanka ba jini, ya ƙone ciwon can ciki.

Tun ranar Zalia take yawo kamar a mafarki. Tana dama koko, tana ganin mijinta kwance kan ruwa mai sanyi, wata murya da kunne ba ya ji tana shiga jikinsa a hankali, yadda kiran salla ke ratsa bango.

Mudasiru ya tsokane ta: "Sauti fa, Zali na? Ni da surutunki bai warkar ba?"

"Ka yi ta tsiya! Ka warke tukuna, masoyi, mu gani..."

"In na warke, bakin teku zan kai ki."

"Ni kai nake so, teku ya sha zamansa."

Ana cikin shirin tafiya Mma Ajara, mahaifiyarsa, ta iso daga unguwar Choggu da wanzaminta.

"Iska ce ta taru a cikin yaron nan. A tsaga, a bi da ƙarfe mai zafi, ta fita. Haka aka yi wa ubansa."

"Mma, don Allah a bari mu tambayi dokta..."

"Ke kika haife shi?"

Zalia ta ja mijinta ɗaki, ta riƙe rigarsa.

"Kada ka yarda! Na roƙe ka!"

"Uwata ce, Zali. Kuka take yi. 'Yar tsaga ce, me za ta rage mu da shi?"

Ya fita ya kwanta a tabarma. Ta toshe kunnenta.

Ranar da dokta ya ɗaga rigar, sai ya ga abin da aska da ƙarfe suka yi. Cikin duk ya ɗuri ruwa, daga ƙirji har cibiya.

"Ta nan sautin zai bi. Ba ya ratsa gyambo, kuma tabo mai kauri zafi yake kamawa, fatar za ta ƙone. Sai ya warke mu sake dubawa."

Ciwon bai jira ba.

Da la'asar ɗin ƙarshe ya ɗora kansa a cinyarta, bai fi nauyin ƙwarya ba.

"Zali... ina jin sautin nan naki. Daga nesa."

"Yi shiru, rabin raina."

"Kada ki riƙe Mma."

Ba ta riƙe ta ba. Ita ce ma ke zuba wa tsohuwar tuwo, tana lallashinta ta ci. Amma Zalia ta shiga takaba, lallen aurenta bai gama fita daga farcenta ba.