Inda Baba Thurman Ke Nutsar da Bishiya

Mako uku ina zarya a tafki, ko ƙaya ban kamo ba. Ni Odell, da shekara hamsin da biyu, wai kifin da bai wuce tafin hannu ba ya mai da ni abin dariya. Delmus, ƙanin matata, kullum sai ya leƙa bokitina ya tambaya ko wanka na kai shi.

Ba don sha'awa nake wannan wahala ba. Surukina, Baba Thurman, yana kwance, likita ya ce saura kwanaki. Abu ɗaya yake nema, soyayyen kifin da ake kira kirafi, da garin masara, kuma na tafki, ba na kanti ba. Delmus ya karye a hannu, sai abin ya faɗo kaina.

Ranar Litinin tsohon ya gaji da ni, ya kwatanta mini wurin da ya ɓoye wa kowa shekara arba'in. Duk mai kamun kirafi yana da irinsa. In Kirsimeti ta wuce, sai mutum ya ɗaure bishiyar da aka yi adon bikin da ita da bulo ya nutsar a wurin, kifi su taru a rassan. Ya ce kirafi sama yake kallo, in tsayar da ƙugiya a bisa kansa. Bakinsa kuma kamar takarda yake, kada in fizga. Sannan ya riƙe hannuna.

"Zurfin ƙafa goma sha biyu, Odell. Kada ƙugiyarka ta taɓa ƙasa."

Da yamma na isa, na ɗaure ɗan jirgin ruwana a jikin wani busasshen kututture. Nan da nan na kama biyu, 'yan tsiraru. Daga nan shiru. Sauro na ci na, rana na faɗuwa, ina hango bakin Delmus yana mini dariya. Haushi ya turnuƙe ni. Na ce ai manyan suna can ƙasa, tsoho rowa kawai yake yi. Na saki zaren gaba ɗaya.

Na ji ƙugiya ta sauka.

Kwaɗi suka yi tsit a lokaci guda. Warin sabuwar ƙasar da aka haƙa ya taso, a tsakiyar ruwa.

Zaren ya miƙe. Ba fizgar kifi ba ce. Ja ne a hankali, hannu bayan hannu, yadda ake janyo guga.

Jirgi ya karkata. Ruwa ya fara shigo mini takalmi.

Aka ƙwanƙwasa ƙasan jirgin sau uku.

"Thurman?" Muryar tsohuwa ce, ƙasa-ƙasa, daidai ƙarƙashin ƙafata. "Ka makara bana."

Na saki sandar kamun kifin, ta nutse a tsaye. Na yanke igiyar jirgi. Inji bai tashi ba sai a ja na huɗu, ban kuma waiwaya ba har na kai gaɓa.

Matata Verlene ta soya biyun, ta kai masa da zafinsu. Ya dubi farantin, ya dubi jiƙaƙƙen wandona.

"Ka taɓa ƙasa."

Na ce e. Na gaya masa abin da na ji.

Sai ya ce kafin a gina madatsar ruwan da ta haifar da tafkin, ƙauyensu ne a wurin. An kwashe kaburbura, amma na mahaifiyarsa ba dutse a kansa, aka bar ta. Bishiyar nan ba don kifi yake kai ta duk Janairu ba, mahaifiyarsa yake kai wa. Janairun bana kuwa yana asibiti.

Ya ture farantin. "Ban kai mata ba. Ba zan ci nata ba."

Na yi magiya, Verlene ta yi kuka, ko loma bai ɗauka ba. Da na tsaya inda ya ce, da ya ci kifinsa bai san komai ba. Wannan abin har gobe yana ci mini rai.

Ranar Laraba ya cika.

Duk Janairu yanzu nakan ɗauki jirgi da rana tsaka, ba sanda, ba ƙugiya. Bishiya biyu nake nutsarwa, ɗaya tata, ɗaya tasa.