Injiniya Ya Koma Aji

Baba na zaune a falo yana jujjuya wayarsa da ta ƙi buɗewa tun safe, 'yarsa Auta kuma tana guga a gefen taga. Babu wanda ya damu da wayar, don an san in Injiniya ya zo da yamma zai gyara. Haka duk gidan ke kiran saurayin Auta, mai rubuta manhajar kwamfuta a wani kamfani, wanda aka riga aka sa musu ranar aure.

Gwaggo, ƙanwar Baba, ta faɗo falon ko sallamar kirki babu.

"Yaya, ka ji abin da surukinka ya yi? Ya ajiye aiki!"

"Korarsa aka yi?"

"Ina! Da ƙafarsa ya fita. Wai ya koma harkar kuɗi."

"To, ai banki ma aiki ne."

"Ba banki ba, makaranta!"

"Koyarwa?"

"Karatu, Yaya! Da gemunsa! Ɗana ya gan shi da jaka a baya kamar ɗan firamare."

Suka juya ga Auta. Ita kuwa sai da ta ji ƙauri sannan ta ɗaga dutsen guga daga kan mayafinta. Ba ta san komai ba, kuma rashin sanin ya fi labarin yi mata ciwo.

Baba ya ajiye wayar a hankali. "Wanda ya wayi gari ya ajiye aikin shekara da shekaru bai shawarci kowa ba, wata safiyar mace zai ajiye. A dakatar da maganar auren nan."

Washegari Auta ta sami Injiniya a ɗakin karatu na jami'a, a teburin ƙarshe kusa da fanka mai ƙara. Gabansa littafi ne mai kauri cike da zanen layuka masu hawa da sauka, 'yan ajinsa kuma yara ne da ya girme su nesa ba kusa ba. Shi da Auta suka fito bakin matattakala.

"Mastas ne, Auta, digiri na biyu. Kan zuba jari," in ji shi. "Na daɗe ina gina wa masu juya kuɗin mutane manhaja, kamar mai shimfiɗa bututu bai san abin da ke gudu a ciki ba. Ina so in sani."

"Ban tambaye ka wannan ba. Me ya sa sai a bakin Gwaggo zan ji?"

Ya sosa ƙeya. "A aikinmu ba a sakin sabon abu sai an gwada shi a keɓe, inda in ya lalace ba wanda zai cutu. Na ce bari in ga sakamakon zangon farko, in ya yi kyau sai in..."

"Sai ka sake mini shi kamar sabuwar manhaja, in danna 'na yarda'?"

"Sori mana..."

"Riƙe sorinka! Kana son karatun ma kuwa?"

Ya zaro takardar jarrabawa daga jaka, jan biro ya yi mata kaca-kaca.

"Wallahi ban sani ba. Wata rana in ji kamar don shi aka haife ni, wata rana in tashi ina kewar tsohon teburina. Jiya malami ya yi tambaya, yarinyar da ba ta kai ƙanwata ba ta amsa, ni ko tambayar ban gane ba."

Auta ta zo ne da fushi shiryayye, sai ga shi ta rasa inda za ta sauke shi. Wanda take gani ba mayaudari ba ne, mutum ne da ya saba a gan shi yana gyara, bai taɓa koyon a gan shi a lalace ba. Ta share hawaye.

"Ɗauki takardar nan ka kai wa Baba. Yau. Yadda take."

"Wannan? Ai korata zai yi!"

"Wataƙila. Amma in ka jira sai ta yi kyau, ni za ka tarar na tafi."

Ya je. Ya durƙusa a gefen kujerar Baba, ya miƙa takardar da hannu biyu. Baba ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa, duk da bai san komai a kanta ba sai jan biron.

"Wannan faɗuwa ce?"

"Faɗuwa ce, Baba."

"Kuma ka kawo mini?"

"Auta ce ta ce..."

"To ta fi ka hankali." Baba ya ninke takardar. "Ban fasa ba, ban kuma amince ba. Je ka gama."

Jiran bai yi daɗi ba. Ƙawayenta suka yi ta aure. Gwaggo ba ta gaji da cewa, "Tsuntsun da ke hannu ya saki, ke kuma kina jiran na sama!" Sau da yawa Auta kan rufe ɗaki ta yi kuka, ta kasa gane ko haƙuri take yi ko wauta. Abu ɗaya ne ya canza: Injiniya ya daina ɓoyo. In ya faɗi, ita ce ta farko da ke ji. Ranar da tsohon kamfaninsa ya neme shi ya dawo, tare suka zauna suka yi ta juya maganar, ita tana cewa ya koma, shi yana cewa a'a, can kuma suka juya, ita tana cewa a'a, shi yana cewa zai koma, har suka fashe da dariya. Bai koma ba.

Da ya gama, wani kamfanin zuba jari ya ɗauke shi, kuma abin da ya ja hankalinsu shi ne ya san kwamfutar ya kuma san kuɗin. Ya zo gaida Baba da albishir.

"Ba sai ka nuna mini komai ba," in ji Baba. "Tun ranar da ka kawo jar takardar nan na ba ka Auta a raina. Na bari ne in ga ko za ka ci gaba da kawowa."

Gwaggo ta taɓe baki. "To yanzu me za mu riƙa kiransa? Mai Banki?"

Baba ya laluba aljihu ya miƙa masa wayar. "Injiniya, duba mini wannan. Ta sake ƙin buɗewa."

Auta na bayan labule tana dariya da hawaye tare. Haƙurinta ya biya, shi kuma ya koyi abin da ba ya cikin kwas ɗinsa: na'ura ake gwadawa a ɓoye. Wanda za ka zauna da shi har abada, tun abu na lalace ake nuna masa.