Ɗakin da Sadiya Ta Rasu

"Ki rabu da ni, Hafiza... don girman Allah ki rabu da ni!"

Hafiza ta ɗago ta dubi Mu'awiyya. Yana tsaye a bakin zauren gidansu na Makarfi, ya ƙi zama a kan tabarmar da ta shimfiɗa masa.

"Me na yi maka, Masoyina?"

"Ba ki yi komai ba. Babanki ya ce kada in sake zuwa, kuma gaskiyarsa ce. Ɗaya ta mutu a hannuna, ba zan ƙara ta biyu ba."

Babu wanda bai san labarin ba. Mu'awiyya manomin rake ne a Nasarawan Doya, yana zaune a tsohon gidan kakansa mai dogayen soraye, inda jemagu suka fi mutane yawa. Shekara biyu da suka wuce ya auri Sadiya. Wata ɗaya da tarewa aka wayi gari ta rasu a ɗakinta, ƙofa a sakale ta ciki, babu rauni ko ɗaya a jikinta. Wasu suka ce aljanar gidan ce ke kishinsa. Wasu suka ce shi ya kashe ta.

Hafiza kuwa ta karance littattafan soyayya masu tsofaffin gidaje da gawar da ba a san makashinta ba, har ƙannenta na tsokanarta cewa a waya ta samo miji. Amma ita ta san abin da ta gani: mutum mai kunya, wanda tun ranar da ya fara zuwa shagon maganin gona na mahaifinta bai taɓa ɗaga mata murya ba.

Da ya tafi ta samu mahaifinta, Malam Zakiyyu, ta durƙusa.

"Baba, wa ya kawo maka maganar nan?"

"Ɗan baffansa, Yahya. Ya ce yana jiye miki. Har ya ce in kin amince, shi yana so."

"Baba, ka ba ni kwana ɗaya in je in gaida Gwaggo Lantana. In na dawo ban ga komai ba, wallahi na haƙura."

Ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce ta je.

Gwaggo Lantana ƙanwar mahaifin Mu'awiyya ce, ita ta yi wa gawar Sadiya wanka. Da hantsi Hafiza ta isa. Bayan doguwar gaisuwa ta tambaye ta abin da ta gani ranar.

"'Yar nan, ban ga komai ba, ji na yi. Da aka ɓalle ƙofar wani wari ya buge mu, kamar tafarnuwa ta ruɓe. Kwana uku kaina na ciwo. Aka ce warin aljana ne."

Hafiza ta gyara zama.

Ta san warin nan. Ta tashi da shi a shago. Ƙwayar maganin ƙwarin hatsi ce, wadda ake jefawa cikin buhun masara, wadda Baba kullum yake gargaɗin manoma kada su kwana kusa da ita.

"Gwaggo, an taɓa ajiye hatsi a ɗakin?"

"Ɗakin amarya? Haba! Sai dai ɗakin da ke jikinsa. Ana gobe za ta rasu ma Yahya ya karɓi makullinsa a hannuna, wai zai ajiye masara."

"Ya kawo masarar?"

Tsohuwar ta girgiza kai. A hankali ta ce, "Ban ga buhu ko ɗaya ba..."

Aka kira Mu'awiyya daga gona. Ya buɗe ɗakin da ya rufe shekara biyu. Labulen amarci na nan, ƙura ta cinye shi. Hafiza ta sa ya janye gadon. A gindin bango akwai kafa, wadda ta ɓulle ɗakin ajiyar. Ta tura kara ciki, sai ga farar toka na zubowa, bayanta gwangwanayen maganin guda biyu da suka yi tsatsa.

"Babu aljana a gidan nan, Masoyina," ta ce. "Mutum ne."

Mu'awiyya ya zauna daɓas a ƙasa.

A gaban mai unguwa Yahya ya fara da rantsuwa. Da Gwaggo Lantana ta tambaye shi inda masarar take, aka kuma ajiye gwangwanayen a gabansa, sai ya fashe da kuka.

"Ba ita kaɗai na nufa ba! Ni na fara neman Sadiya, Mu'awiyya ya zo ya ƙwace. Na ce to, duk mu rasa... Ban san ya tafi Kudan kai rake ba!"

Wurin ya ɗauki salati. Ranar aka miƙa shi ga hukuma.

Da yamma Mu'awiyya ya zo Makarfi, ya zauna a kan tabarma, idanunsa jajur.

"Da na kwana a gida, da na ji warin na fito da ita..."

"Da kun tafi tare," in ji Hafiza. "Kwananta ne ya ƙare. Ka yi mata addu'a, ka daina hukunta kanka."

"Hafizata... har yanzu kina so?"

"Da ba na so, me zai kai ni tonon bango a gidan mutane?"

Ya yi dariyar da ta rikiɗe ta zama hawaye.

Malam Zakiyyu da kansa ya aika a ce magabatan Mu'awiyya su fito. Bayan an gama girbi aka ɗaura aure.

Ranar kai amarya, wata dattijuwa ta ratso taron mata ta tsaya a gaban Hafiza. Mahaifiyar Sadiya ce, wadda shekara biyu ba ta amsa gaisuwar Mu'awiyya. Guɗa ta tsaya cak.

Dattijuwar ta kama hannun amarya ta riƙe gam.

"Na zalunci yaron nan da zato, Allah ya yafe mini," ta ce. "Tashi, 'yata. Ni zan kai ki."