Kiɗan Bayan Zana

Shekarar da sojojin da suka je yaƙin ƙasar Bama suka dawo gida, zamanin Nasara, Safinatu 'yar Malam Attahiru na Shagari ta zo Bodinga taya gwaggonta Kande aikin kakar albasa. Wata rana bayan azahar gwaggon ta ba ta zane ta kai wa tela.

Ta tarar da rumfa ba kowa, keken ɗinki a lulluɓe da tsumma. Ta yi sallama, shiru. Har ta juya, sai ta ji wani sauti daga bayan zana.

Ba molo ba ne, ba garaya ba, ba gurmi ba. Duk ta san su a gidajen biki. Wannan murya biyu gare shi, mai kauri da siririya, kamar mutum biyu na hira a hankali. Kuma ba waƙa, ba tafi, ba guɗa.

Safinatu tun tana ƙarama ba ta iya ganin tukunya a rufe ta wuce. Ta sa ido a ramin zana.

Wani saurayi ne dogo, zaune kan turmi a kife, idonsa a rufe. Ya rungume wani abin katako mai ƙugu kamar duma biyu a haɗe, da dogon wuya. Ta ƙara matsawa don ta ga yatsunsa. Zanar ta tsufa. Ta tafi da ita gaba ɗaya, rim, har gaban ƙafarsa.

"Subhanallahi! Kin ji ciwo?"

Ta miƙe tana kakkaɓe ƙura. "Mi ne wanga?"

"Kin karya mani zana, ba ki gaishe ni ba, kuma ke ka tambaya?"

"Ina wuni. Mi ne wanga?"

Ya yi dariya. "Jita sunanta. Ni kuma Maniru, in kina son sani."

"Ina kas samo ta?"

"Bama. Wani abokina mutumin Ikko yak koya mani. Da za mu rabu yab bar mani ita."

"Tsirkiya nawa?"

"Shida."

"Molo ukku gare shi, kuma sun ishe shi. To wa kaka yi ma kiɗin?"

"Ba kowa."

"Ana kiɗi don ba kowa?"

"Ni dai ina yi."

Ta dube shi, ta dubi abin. Ta ajiye zanen, ta tafi ba ta faɗi irin ɗinkin da ake so ba. Dole washegari ta koma.

Zanen nan ya sha ɗinki. Yau baki ya yi faɗi, gobe zare bai dace ba. Kowane zuwa da tambayarsa. Don me ramin yake a tsakiya? Yatsu ba sa ciwo? Ruwan teku da gaske gishiri ne? Ya sa mata suna Mai Tambaya, ita kuma ta ce masa Sojan Bama. Abu ɗaya ne bai taɓa amsa mata ba: dalilin da yake rufe ido in yana kiɗan. In ta tambaya sai ya ce zare ya ƙare, ya shiga neman wani.

Gwaggo Kande ta ɗaga zanen ta duba, ta ce, "Ke, wanga zane in anka sake taɓa shi za shi koma hula. Ki ce ma telan nan shi zo ƙohwar gida shi gaishe ni, kamar ɗan mutane."

Ya zo. Ya ci gaba da zuwa bayan la'asar, hannu ba jita, har aka gama kwashe albasa Safinatu ta koma Shagari.

Gwaggo Kande na kai daddawa kasuwar Shagari, sai ta zama ita ce mai ɗaukar saƙo. Ba ta ragewa, amma takan ƙara tsaki.

"Yac ce in hwaɗa miki: ‘Mai Tambaya, tun da kit tahi rumfa ta yi shiru. Na gyara zana, amma na bar rami guda ko za ki dawo.’"

Safinatu ta rufe fuska da mayafi. "Gwaggo, ki ce mai: ‘Sojan Bama, ina tara tambayoyi cikin ƙwarya, ta kusa cika. Kada ka bari ta zube.’"

"Ni dai na ga ta kaina, da tsuhwana ina dakon shirme."

A Shagari akwai Mode, dillalin albasa, wanda ke sayen ta Malam Attahiru duk shekara. Ya daɗe yana son Safinatu. Da ya ji labarin tela, ran kasuwa da yamma ya sa masu kalangu suka yi ta kiran sunanta a dandali, har 'yan mata suka kewaye ta.

"To ina naki mai jitar?" in ji ƙawarta Rabi. "Ko dai bai iya ba, gwaggonki ta ka ƙara mai gishiri?"

Abin ya ci Safinatu. Ta aika: "Sojan Bama, ka zo ran kasuwa da jitarka ka kira sunana sau guda, su Rabi su yi shiru."

Amsa ta dawo gajera: "Mai Tambaya, ki yi haƙuri. Ba ni kiɗi a dandali, ko don ke."

Ko don ita. Ta juya maganar nan ta sake juyawa, ba ta sami inda take da daɗi ba. Mutumin da ba shi da kiɗa ya nemo makaɗa dominta, mai kiɗa a hannu ya ƙi. Kasuwa ta zagayo, gwaggo ta ce mene ne saƙo, Safinatu ta ce babu. Wata ta sake zagayowa, ta ce babu.

Sai ga gwaggo da rana tsaka, ba ran kasuwa ba, tana haki.

"Yac ce: ‘Tauraruwata, sunanki ba na dandali ba na. Gaban liman nika son a kira shi, tare da nawa. Kawuna na bisa hanya da goro.’"

Safinatu ta zauna a bakin murhu, ta rasa tambaya.

Malam Attahiru ya karɓi goron. Yaro ɗan manoman garin Sifawa, da sana'a a hannu, bai ga aibu ba. Amma kafin a raba goron Mode ya zo gaisuwa, ya durƙusa, ya ce shi ba mai kai magana ba ne, sai dai yana jin nauyin gidan nan. Telan makaɗi ne. Kowa a Bodinga ya san yana da abin kiɗa.

A wancan zamani kowa da gidansa. Maƙeri na neman 'yar maƙeri, makaɗi 'yar makaɗi. Gidan Attahiru manoma ne masu allo, ba su taɓa haɗa jini da masu roƙo ba. Malam ya mayar da goro ko ganyen bai kwance ba.

Safinatu ba ta isa ta yi masa magana ba. Gwaggo Kande ta isa, don ita ta goya shi.

"Attahiru, ka taɓa ganin yaron nan gidan biki?"

"Ban gani ba, Yaya. An hwaɗa mani."

"Wa?"

"Mode."

"Moden da ka son yarinya. Madalla da shaida."

Malam ya daɗe yana jan tasbaha. "Shi zo da abin. Za ni kiran Abu mai molo. Makaɗi ya san ɗan'uwanai. In Abu yac ce nasu na, magana ta ƙare, kada a sake tada ta."

Ranar da aka sa, Mode ya riga ya baza gari cewa za a ji kiɗan Bama. Zaure ya cika, ƙofar gida ta cika, wasu har kan katanga. Safinatu ta laɓe a bayan ƙofar ciki, inda take hango gefen fuskar Maniru. Ya rame. Jitar na cikin buhu a gabansa.

Abu mai molo na zaune gefe, tsoho, da rawani wanda ya fi na mai gida girma. Kakanninsa duk da molo aka san su, kuma ba ya bari a manta.

Malam ya ce, "Hidda ta. Kaɗa mu ji."

Maniru ya fito da ita, ya ajiye kan tabarma. Ya dubi taron, ya sunkuyar da kai.

"Allah shi gafarta Malam, ba ni iyawa."

"Ba ka iya ba?"

"Na iya. Gaban taro na ba ni yi."

"Ko ni nic ce?"

"Ko kai, Baba. Ka yi haƙuri."

Zaure ya ɗauki guna-guni. Mode ya ɗaga murya daga ƙofa, "Kun gani? Ya raina Malam cikin gidanai!"

Safinatu ta dafe ƙirji. In ya kaɗa, gari ya shaida makaɗi ne. In ya ƙi, ya ƙi umurnin uban da yake neman 'yarsa. Ta ɗaga hannu za ta yi addu'a, ta rasa wanne za ta roƙa.

Abu ya miƙa hannu ya jawo jitar. Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa bayanta, ya leƙa ramin da ido ɗaya, har ya sansana. Ya ja tsirkiya guda, ya saurara har sautin ya mutu.

"Yaro, ubanka mi shika kaɗawa?"

"Manomi na, Baba."

"Kakanka?"

"Shi ma."

"Wa ab ubangidanka?"

"Ba ni da shi."

"Kirarin Malam Attahiru, ka san shi?"

"Ban sani ba."

"Na sarkin noma? Na mahauta? Na 'yan kokawa?"

"Ban san na kowa ba."

"An taɓa yaɓa maka riga? Ko goro guda?"

"Ko an ba ni ba ni amsa."

Abu ya ware hannu. "To in ka kaɗa, mi kaka samu?"

Maniru ya dubi jitar da ke hannun Abu. Da ya yi magana, a hankali ya yi, amma Safinatu ta ji.

"Kwanciyar rai, Baba. Mun ga abubuwa can daji waɗanda ba a ba yara labari. In sun taso mani, sai in ruhe ido in kaɗa har su kwanta. Ba abin nuna ma mutane ba na."

Safinatu ta sami amsar da ta daɗe tana nema, ta ji da ma ba ta matsa masa ba.

Abu ya tura masa jitar, ya juya ga mai gida, fuska a murtuke.

"Malam, don wanga kat taso ni? Bai gada ba, ba shi da ubangida, bai san kirarin kowa ba, ba a rawa, ba a kyauta. Wanga ba namu ba na. Ko ɗiyata yan nema da sunan kiɗi ba ni ba shi. Tela na mai rarrashin ranai da katako."

"Amma shina kiɗi!" in ji Mode.

"Kai ma kana waƙa bisa jaki in za ka Dandin Mahe, na ji ka da kunnena. Jakin ma haƙuri shikai. Mawaƙi na kai?"

Dariya ta fashe har kan katanga. Mode ya nemi takalminsa.

Malam Attahiru bai yi dariya ba. Ya sallami mutane, ya jira har zaure ya zama daga shi sai Maniru.

"Ka ƙi maganata gaban jama'a."

"Na ƙi, Baba."

"Kada ka sake."

"To, Baba."

"Abin da kac ce shina taso maka, ka haɗa da addu'a. Katako kaɗai ba shi isa." Ya miƙe, ya gyara riga. "Ka ce ma kawunka shi dawo da goronai. Ke kuma da ke laɓe, koma ciki, na ga ƙahwarki."

Bayan an yi girbin gero aka ɗaura aure a ƙofar gidan. Abu mai molo ne ya yi kiɗan biki, ya kira sunan amarya da na ango da na iyayensu har kakanni, ya karɓi abin da al'ada ta ba shi. Baƙi sun yi ta roƙon ango ko sau ɗaya ya taɓa jitar. Ya yi musu godiya, ya ƙara musu goro.

Aka kai amarya Bodinga. Da kwanakin biki suka ƙare, 'yan rakiya suka koma Shagari, gwaggo ta kwashe tukwanenta, Safinatu ta share tsakar gida da hantsi. Ta shiga ɗaki ta ɗauko buhun, ta ɗora masa a cinya.

"Angona, kowa ya tahi. Saura ni. Ko ni ma taro ta?"

"Ke ba taro ba ta."

"To mi?"

"Ke gida ta."

Ta tura ƙofar gida ta rufe, ta zauna kusa da shi. Ya gyara tsirkiya, ya fara.

Sun daɗe tare, sun haifi 'ya'ya, sun ga jikoki. Mutanen Bodinga sun san shi da ɗinki mai kyau. Kiɗan kuwa, sai dai mai wucewa ta bayan katanga ya rage tafiya. Allah ya sa albarka a zuriyarsu, ya ba kowane gida irin zamansu.