Ki Taɓa Shinkafar Kafin Ki Fita

"Mamarka ta tsane ni, Hazwan... wallahi ta tsane ni!"

Cikin raɗa Wanida take maganar, ta lafe a bayan ƙofar ɗaki, waya a kunnenta. Satinta na farko ke nan a Kuching. Daga garinsu Krabi da ke wata ƙasa ta zo karatun aikin jinya, aka sauke ta a gidan Mak Seniah da ke unguwar tsallaken kogi. Hazwan, ɗan matar gidan, shi ya bi ta ƙarƙashin ƙasa ya shirya hakan, don tun bara da ya je makarantarsu suke soyayya a ɓoye. A tunaninsa uwar za ta saba da ita, ta so ta, sannan ya fasa ƙwan. Dabarar samari dai, a baki ba ta da wuya.

"Haba farin cikina, me ta yi miki?"

"Ranar da na sauka ta kore ka gidan kawunka. Ko murmushi ba ta yi min. Kullum da safe sai ta tare ni da faranti. Jiya na ce na gode, na ƙoshi, sai ta daka min tsawa, ta finciki hannuna ta danna a cikin shinkafa kamar ta kama ɓarauniya!"

Nan take muryarsa ta sauya.

"Kin ce kin ƙoshi? Wanida, don Allah ki dinga karɓa."

"Ummata ta ja min kunne kada in zama kaya a gidan mutane. A wurinmu baƙon da ke miƙa hannu da an yi masa tayi, mai kwaɗayi ne. So kake ta ce 'yar mayunwata ka kwaso?"

"Ki jira ni, gobe da safe ina nan tafe. Maganar ba ta waya ba ce."

Ba ta waya ba ce! Ai shi ke nan, ta gama yanke wa kanta hukunci: matar ta gano su, kuma ba ta so. Gara ta tafi da mutuncinta, ta je makaranta ta roƙi a ba ta ɗaki a gidan kwanan ɗalibai. Ta san duk yarinyar da ta tsallake gidan uwa irin haka ta yi sallama da ɗan. Wannan tunanin shi ya fi komai cin ranta, don tana son Hazwan, so na haƙiƙa.

Da sassafe ta fito tana sanɗa, takalmi a hannu. Katakon gidan nan kuwa ba ya rufa wa kowa asiri.

"'Yar nan! Zo ki karya."

Mak Seniah ce tsaye a ƙofar kicin, fuskar nan a ɗaure, riƙe da farantin shinkafar kwakwa da soyayyen kifi.

"Na makara Mama, na gode... na ƙoshi!"

Ta kwasa a guje ko waiwaye babu.

Ruwan da aka kwana yi ya cika kogin ya batse, ya yi jawur, yana jan itatuwa da shara. Ta faɗa cikin kwale-kwalen Pak Bujang, tsohon da ke tsallakar da mutanen unguwa, ta matse tsakanin wata tsohuwa mai kwandon ganye da wani ma'aikacin banki. Sun ɗan yi nisa da gaɓa ke nan ihu ya taso daga baya.

"Bujang! Bujang! Dawo min da ita!"

Wanida ta waiga. Mak Seniah ce a guje, babu takalmi, ɗankwali ya zame, ga farantin nan a hannunta.

"Baba don Allah mu tafi," ta ce. "Dukana za ta yi..."

"Me kika ɗaukar mata?" in ji ma'aikacin bankin yana dariya. "Cokali?"

Pak Bujang bai yi dariya ba. Ya dubi farantin, ya dubi Wanida.

"'Yata, tayin abinci ta yi miki?"

"E."

"Kin ci?"

"A'a..."

"Ko taɓawa?"

Ta girgiza kai.

"Innalillahi!" Tsohuwar ta dafe ƙirji. "Kuma kika hau ruwa? Da mu a ciki? Juya, Bujang, juya!"

Ya karkata jirgin da ƙarfi har ruwa ya fantso musu. Wanida ta ƙanƙame katako tana salati. Duk masu saurin zuwa aikin nan babu wanda ya yi ƙorafi, har mai dariyar ya daina dariya.

"Ba a gaya miki ba?" tsohuwar ta ce. "Abin da muke kira kempunan ke nan. A nan in an yi maka tayi ba ka fita haka, ko ba za ka ci ba sai ka taɓa da yatsa. In ba haka ba tsautsayi na bin ka a hanya. Balle gidan Seniah!"

Mak Seniah ba ta jira jirgin ya tsaya ba, ta shigo ruwa har gwiwa ta miƙo farantin. Sai a lokacin Wanida ta ga hawaye shaɓe-shaɓe a fuskar matar.

"Taɓa... don girman Allah ki taɓa."

Ta sa yatsa ta taɓa. Mak Seniah ta sauke wata irin ajiyar zuciya, ta janyo ta gaɓa, suka zube a kan matakala.

"Ɗakin da kike kwana na Juriah ne, yayar Hazwan. Sa'arki ce lokacin. Ranar jarrabawarta na zuba mata shinkafa, ta ce ta makara, in ajiye mata. Na ajiye..." Ta dubi ruwan. "A wannan kogin aka tsamo ta. Na san ajali na Allah ne, malamai sun sha gaya min. Amma duk safiyar da kika ce kin ƙoshi, muryarta nake ji."

Wanida ta fashe da kuka.

"Ki yafe min Mama! Na zaci tsanata kike yi, tunda kika kori Yaya Hazwan..."

"Ji shirme! Yaron da tun bara yake kwana yana yi wa waya murmushi? Ni na haife shi fa. In bar shi gida ɗaya da yarinyar da zai aura, mutanen unguwa su ci namanki? Tafiyarsa ai mutuncinki na tsare."

Daidai nan babur ya ci birki a saman gaɓa. Hazwan ya gangaro a ruɗe, ya gan su jiƙe suna kuka, ya rasa wadda zai fara tambaya.

"Kai kuma tsaya daga can, munafuki," in ji uwar tana share ido. "Sai ka nemo min lambar ummarta, manya za su yi magana."

Ya sunkuyar da kai, bakinsa ya ƙi rufuwa.

Mak Seniah ta gyara wa Wanida mayafi, ta riƙe fuskarta da hannu biyu.

"Ba dole sai kin ci ba, 'yata. Ki ce kin ƙoshi duk ranar da kika so. Ki taɓa kawai... ki je ki dawo min."

Wanida ta gyara zama. Ta jawo farantin kan cinyarta. Shinkafar ta huce, ruwan kogi ma ya ɗan fantsa a ciki, amma haka ta zauna a gaban jama'a tana ci tana hawaye, ba ta ɗaga kai ba sai da ta suɗe farantin tas.